Lamba 2147

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare a Belem,
ruwa ya ɗauke, kwaɗi sun karɓi aiki.
Ni da Valdirene muna ƙarƙashin ginin shugaban jami'a,
a ɗakin da ba shi da taga,
inda tsohon akwatin waya ya shekara talatin da ɗaya yana gurnani
kamar kyanwar da ta ƙoshi.

Ni na shimfiɗa igiyoyin nan, tagulla biyu-biyu,
tun kaina ba furfura.
Na san wadda ɓera ya ci a Sashen Shari'a,
na san wadda saiwar mangwaro ta shaƙe
a hanyar ɗakin karatu.

Ita kuwa ta zo da wani ɗan akwati
da bai kai kwalin takalmi ba.
Ta ce, "Baba Genivaldo, ga tafinta.
Tsohon zai yi magana da harshensa,
wannan ya juya ta zuwa harshen intanet.
Murya za a yayyanka ƙanana-ƙanana,
kowane yanki ya kama gabansa,
in sun haɗu a can, a ɗinke."

Na ce, "In wani yankin ya yi nawa a hanya fa?"
Ta ce, "Ba a jiransa."
Na yi shiru.
Wata shida ya rage mini in ajiye aiki.

Lamba dubu da ɗari huɗu muka bi,
tana karantawa, ina sa alama da jan biro,
kofi ya huce a kofin roba.
Sai muka zo 2147.
Ba suna, ba ofis.
Rubutun hannuna ne, amma laima ta lashe shi.
"A kashe ta," in ji Valdirene.
Na ce a bar ta ta kwana.

Ƙarfe biyu ta danna maɓalli.
Ba ƙara, ba hayaƙi,
ɗan koren haske ne kawai ya yi ƙifce.
Muka kira reshenmu na Santarem,
tafiyar kwana uku a jirgin ruwa,
Edmilson ya ɗauka da muryar mai barci.
Na ce alo, ya ce alo a kan tawa,
muka tsaya tare, muka soma tare,
kamar mutum biyu a ƙofa ɗaya.
Valdirene ta gyara wani abu, maganar ta miƙe.
Ko sisi ba a caje mu ba.
Na tuna zamanin da ma'aji ke sa wa waya kwaɗo,
furofesoshi na layi da takarda a hannu
don minti uku zuwa Sao Paulo.

Wajen ƙarfe huɗu hadari ya dawo da fushi.
Tsawa ɗaya, wuta ta tafi.
Sababbin wayoyin kan tebura suka mutu a zaune,
koren hasken ma ya rufe ido.
Tsohon kuwa, da batiransa masu warin tsami,
bai fasa gurnani ba.

A cikin duhun nan wata fitila ta kama.
2147.

"Wa ke nan? Osmarino ne, mai gadin mashigi.
Kogi ya cika, igiyar kwalekwalen ɗalibai ta tsinke,
ni kaɗai ne, ku turo mutum."
Shekara goma sha tara yana bakin Guama da wannan waya,
ba littafin da ya san da shi.

Na lalubi rigar ruwata.
Valdirene ta haska takardar da wayar hannunta,
ta karɓi jan biron daga aljihuna,
ta ce, "Yaya ake rubuta sunan nasa?"