Rumbun Sunaye

Babana gero yake saye da kaka,
ya kulle rumbu, ya jira bazara ta yi ƙuna,
sannan ya nemo mabuɗi.
Ban gaji geronsa ba.
Jiran na gada.

Ni sunaye nake saye.
Ba na yanka ba, babu rago, babu wanzami.
Irin waɗanda ake bugawa a goshin allo,
a ɗiga ɗigo, a liƙa 'yar wutsiya,
intanet ta ce bismilla, shigo.

Kasuwata shagon Hamajoda ne, nan Garwa,
kwamfuta shida, biyu sun riga mu gidan gaskiya,
fanka tana tuƙa zafi kamar tuwo,
awa ɗaya sefa ɗari uku.

Arba'in da uku ne a rumbuna:
albasarmarwa, kilishingaundare,
audugarbinuwai, da wasu da nake jin kunyar faɗa.
Inna Dudu ta ce, miƙo ɗaya in taɓa.
Na miƙa mata waya.
Ta juya ta, ta duba bayanta,
ta ce, ɗan nan, kiwon iska kake yi.

Ba ta yi ƙarya duka ba.
Gara ba ta cin su, ɓera bai san hanyarsu ba,
amma duk shekara kowanne sai ya buɗe baki,
dubu takwas, dubu tara,
ko ka ciyar, ko ya bi wani.

Sau ɗaya kasuwa ta yi mini dariya.
Wani mai otal a Duwala, ban san fuskarsa ba,
dubu ɗari huɗu, bai ko yi tayi ba.
Na sayi babur, na yi wa Inna rufin kwano.
Tun ranar nake tsugune
bakin ramin da na taɓa kama gafiya.

Sai ran Talata.
Wata yarinya ta zauna a kujerar kusa da ni,
gyalenta na warin hayaƙin banda.
Jummala, jikar Barmani mai kifin Lagdo,
wadda ta shekara talatin a gindin gada
har masu mota suka koma kwatance da ita.
Ta ce, malam, don Allah duba mini,
ina so in buɗe wa kakata shafi,
na buga sunanta an ce yana da mai shi.
Yaya suna zai yi mai shi, mai shi tana raye?

Na duba, kamar ban sani ba.
Bara na ga kwalayenta ana lodi zuwa Yawunde,
na zo nan da gudu, ko takalmi ban gyara ba.

Ta ce, taya ni rubuta masa wasiƙa,
ka fi ni iya faransanci.
Na taya ta.
Ni na zaɓo kalmomin ladabi,
ni na ce ta ƙara cewa tsohuwar ba ta gani sosai yanzu.
Ta danna.
Wayata ta yi motsi a aljihu
kamar tarwaɗar da ba ta gama mutuwa ba.
Na yi tari.

Yau kwana huɗu ban amsa ba.
Na rubuta dubu ɗari biyu, na goge.
Na rubuta hamsin, na goge.
Na ce bari in sake shi ya faɗi da kansa,
saura kwana sha ɗaya wa'adinsa ya cika,
amma na san irina:
akwai wani a wani shago, a wani gari,
idonsa a kan abin da zai faɗo.

Da yamma na bi ta gindin gada.
Barmani ta naɗe mini kifi biyu a takardar siminti,
ta laluba ta ƙara na uku, gyara,
ta ce, ɗan wa ne kai? Faɗa mini sunanka.