Tan Ɗari Huɗu

A Sashen Kifi, bene na biyu,
fanka tana juyi kamar an yi mata dole,
Darakta Kantiyok ya rubuta a allo:
Kangimi, baɗi, tan ɗari huɗu.
Aka tafa, aka raba lemo da biskit.
Ni ma na tafa,
da hannun da sabulu ya kasa raba shi da ƙarni.

Ni ne mai sikeli.
Litinin da Alhamis nake tada babur,
in bi ta Maraban Jos, in gangara bakin dam
kafin kwalekwalen farko ya taɓa laka.
Shekara tara ina awo.
Na san tarwaɗar da sai an sa hannu biyu,
yau jikarta ce ke zuwa,
ba ta kai tsawon birona ba.

Na kai wa Barau Ɗanyawuri lissafin.
Yana gyaran taru, zare a baki,
bai ko ɗago ba ya ce,
"Kun sanar da kifin?"

Na yi shiru. Ya tofar da zaren.
"In ɗari huɗu kuke so, ba wuya.
Ku bar mu da raga mai idon gidan sauro,
mu kwashe uwa da ƙwai da na goye.
Baɗin baɗaɗa ka zo da sikelinka
ka auna ruwa."

Daren nan na ɗauko fom.
Ƙasan gurbin da aka ce Buri
akwai ɗan fili, kamar faɗin tafi.
Nan na cusa nawa:
idon raga ya ci yatsa uku;
wata biyu na damina a bar bakin rafi
karfasa ta yi jego;
a ba jirgin sintiri mai,
ya gaji da zama gidan kwaɗi;
giwan ruwa, ko ɗaya,
in sake ganin ta kafin in yi ritaya.

Takardar tana cikin fayil mai kore,
fayil yana ƙarƙashin wani fayil.
Masinja ya ce tana tafiya.

Alhamis da ta wuce
Barau ya tsamo ɗan kurungu daga cikin kwando,
ya dube ni, ya dubi sikeli,
ya wurga shi ruwa.
Na buɗe littafi, na rasa gurbinsa.
Na ja sifiri a gefe,
na zagaye shi sau biyu
don kada akawu ya ɗauka kuskure ne.