Littafin Mai Naɗin Waya

A Panteka na koyi ƙirga waya,
zagaye ɗari da sittin da huɗu
a cikin injin ban ruwa na Jatau mai lambu.
Na ce kaina ya isa ya riƙe.
Kafin la'asar kan ya zubar da huɗun,
injin ya yi gurnani, ya yi zafi, ya tashi da hayaƙi.

Sai na koma bangon shago da gawayi,
lamba kan lamba har ƙofa.
Mai shago ya zo da fenti ana jibi sallah,
ya binne mini wata bakwai cikin shuɗi.

Na gwada takardar buhun siminti.
Ɓera ya ci rabi,
yaro ya ƙunshe ƙusoshi da sauran.

Kefas, yarona, ya ce, "Oga, waya ake yayi."
Na saya, na danna, na adana,
yatsu duk giris, gilashi yana santsi.
Wata uku ina ɗaga kai,
har ranar ruwan da ya cika kogi ya taɓa gada,
ta zame ta faɗa kwata a Tudun Wada.
Ta tafi da injin markaɗen Hajiya Ladidi,
ta tafi da janareton wani masallaci a Rigasa.
Wayar da nake naɗawa
ba ta taɓa yi mini haka ba.

Yanzu littafi ne mai baƙin bango
da na tsinta a Kasuwar Barci,
biro ɗaure da zare don kada ya yi ƙafa.
Kwanan wata, sunan mai kaya,
kaurin waya, zagaye nawa,
abin da na tarar, abin da na taɓa,
sai layin ƙarshe mai ɗaci:
abin da na ɓata.
Da magariba Kefas yakan ɗauki hoton shafin,
in ɗaya ya salwanta, ɗaya ya tsaya shaida.

Jiya Jatau ya dawo a murtuke,
injin a bayan keke, shiru kamar gawa.
Na lashi yatsa, na buɗe shafi na arba'in da ɗaya.
Ga tabon baƙin mai, ga rubutuna a karkace:
"Wayar ba ta kai kauri ba, ita na samu.
In ya dawo, kada a karɓi ko sisi."

Na so in rufe.
Kefas ya riga ya karanta.
Na ce a sauke injin,
a kawo wa Jatau kujera.