Saman Allo

Tun farkon damina kwanan wata ya fi ƙarfina.
Shekara ashirin da bakwai ni ke rubuta shi a saman allo,
yanzu sai in miƙa wa Habu Dogo alli
in ce rubutunsa nake son gani.
Yaran Gangare ba a yi musu wayo.
Sun ga jimlolina suna sauka mako-mako
kamar ruwan rijiya da rani.

Kafaɗa ce ta yi yaji ba ta bar gida ba.
Aljihun baya ya koma wata ƙasa.
In na yi kabbara, hannu ɗaya ke kai kunne,
ɗayan ya tsaya a hanya yana ba da haƙuri.
Da dare in na juya hagu
Lantana ke riga ni cewa wash.

Na shafa man zafi, na sha saiwa,
wanzami ya kafa ƙaho uku ya karɓi kuɗinsa.

Sai Lamingo, ɗakin gashi, gado na huɗu bayan koren labule.
Kachollom ta duba kati ta ce, Malam, daskarewa ta yi.
Na ce a garin da ƙanƙara ke huda kabeji, ina abin mamaki?
Ba ta yi dariya ba, agogo take saitawa.
Minti takwas.

Ta matsa wani mai, sanyi kamar kunun da ya kwana,
ta ɗora kan ƙarfe mai faɗin murfin kwalba,
tana zagayawa, tana zagayawa,
kamar mai dama fura da ba ta so ludayi ya yi ƙara.

Na ce me yake yi?
Ta ce sauti ne.
Na kasa kunne. Tsit,
sai tarin wani tsoho a gado na biyu.
Ta ce ya wuce kunnen mutum, ko jemage sai ya haƙura.
Nama ne ke ji.

Ni da na ƙarar da murya a kan 'yan aji huɗu,
ga wata magana da ba a ji
tana ratsa fata, tana isa inda tsawa ba ta taɓa zuwa ba,
ɗumi kaɗan, kamar tafin jariri.

Ta goge ta ce, kada ka yabi injin,
shi ƙofa kawai ya ƙwanƙwasa.
Tashi ka hau bango.
Yatsu biyu, taku-taku, ƙadangare a jikin dutse,
sai da ido ya kawo ruwa ta ja layi da fensir.

Yanzu layi tara ke bangon.
Tsakanin na farko da na ƙarshe bai fi tsawon alli biyu ba.

Ran Litinin Habu ya miƙe, na ce zauna tukuna.
Na gwada. Ban kai ba.
Na ce to, zo.
Ya zo yana haɗiye murmushi,
ya rubuta kwanan watan ƙasa-ƙasa,
daidai inda gobe zan iya gogewa da kaina.