Ɗan Mai Gida Zai Dawo Daga Jamus

Ranar Talata Rasim ya ƙwanƙwasa ƙofa.
Ya ƙi shayi, ya ƙi zama.
Ya ce ɗansa zai dawo daga Jamus.
Shekara tara ina kai masa haya hannu da hannu,
ban taɓa jin yana da ɗa ba.
Na ce Allah ya kawo shi lafiya.
To me zan ce?

Da dare na zazzage gwangwani a kan tebur:
albashin ɗinki, fanshon Baba,
da awarwaro ɗaya da ya rage na aurena.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa,
sai ka ce kuɗi na haihuwa in an dame su.

Santambul gari ne mai tuddai,
kowane tudu da farashinsa.
In taga na kallon teku, ka biya kuɗin teku.
In tana kallon bango, ka biya kuɗin taga.

Dillalin Uskudar turarensa ya riga shi fitowa.
Takalmina ya fara duba kafin fuskata.
Hayar wata, ajiyar wata biyu, ladansa daban,
da ma'aikacin gwamnati da zai tsaya mini.
Na ce Allah ne gatana.
Ya ce haka ne, amma takarda sa hannu take so.

A Fatih na sauka matakala goma sha ɗaya.
Jiya aka shafa wa bangon fenti,
danshi kuwa ba ya jin kunya, har ya leƙo.
Ta taga ƙafafu kawai ake gani,
da wata kyanwa da ta dube ni kamar ta riga ni biya.

A Esenyurt da sauƙi, hawa na goma sha huɗu.
Na'urar hawa ta mutu tun bara.
Na tuna gwiwoyin Baba,
na tuna awa biyu a bas kafin in taɓa keken ɗinki,
na sauko ban ko tambayi ruwa da wuta ba.

Feride ta ce, Mama, mu samu mai baranda.
Na ce ci abincinki.

Sati na shida, a Zeytinburnu,
wata tsohuwa, Nurten, ta buɗe mini ƙofa da kanta.
Ɗaki biyu, rana har tsakar falo,
baranda mai ɗaukar kujera ɗaya da tukunyar fure.
Ta faɗi kuɗin, na ce ta maimaita.
Araha ba ta zuwa ita kaɗai, na sani,
sai na bi bango ina shafawa.
A bayan labule na same shi:
tsagi, daga rufi har ƙasa,
yatsuna biyu suka shige ba gardama.

Garin nan kowa jiran girgizar ƙasa yake,
masu kuɗi a sabon gini, mu a tsoho.
Nurten ba ta ɓoye ba.
Ta ce, ni ma nan nake kwana, 'yata, a ƙasanku.

A jirgin ruwa na dawo,
ina gutsura wa tsuntsaye burodi mai riɗi,
ina ƙirga tagogin da ba a kunna wa wuta ba.
Gidaje birjik, babu kowa ciki.
Makulli na aljihuna, da ɗuminsa.

Gadon Feride na kusa da ƙofa.
Ƙarƙashin filonta akwai usur da gorar ruwa.
Baba ya samu baranda, yana faɗa da tantabaru.
Ni kuwa ba na barci sai na dubi fitilar rufi,
in tabbatar ba ta lilo.

Jiya na bi ta tsohon layinmu.
Allon haya na manne a tagata,
kuɗin ya ninka uku.
Ɗan nan dai har yau yana hanya.