Kurtu a Shagon Sunmaya

Ranar da na miƙa kaki a sito
ma'aji bai ko ɗago kai ba.
Ya ƙirga riga, ya ƙirga takalma,
ya ce, "Saja Pun, saura hula."
Igiya uku na kawo masa a kafaɗa,
da igiya ɗaya ya ɗaure buhun.
Shekara ashirin da shida
ba ta ko cika shi ba.

A ofishin sallama, yarinya mai tabarau
ta turo takarda: rubuta sana'ar da ka iya.
Na iya kwance bindiga cikin duhu in mayar.
Na iya raba gwangwanin kifi ɗaya wa mutum tara
ba wanda ya ɓata rai.
Na taɓa saɓa Hemraj tun daga gada har tantin likita,
yana zagina, jininsa na bin wuyana.
Ta karanta, ta gyara tabarau,
ta ce, "Baba, babu gurbin wannan.
In rubuta maka gadi?"

Gadi.
Lalit na can yana buɗe ƙofar otal a Dubai.
Hemraj na tsaron jirgin ruwa, ko iyo bai iya ba.
Abinci ne, ban raina ba.
Sai dai kowa ya bar gida, gida ya bar shi,
ni kuwa 'yata ta yi haƙori, ta famfare, ta yi wani,
duk a hoto na gani.

Na hau motar Pokhara.

Daren farko Sunmaya ta juya bayan kalanda,
ta lashi bakin fensir.
Fansho kaza.
Cire makarantar jinya ta Kopila.
Cire kwanon rufi kafin damina.
Cire maganin tsohuwa.
Abin da ya saura ko ɗan akuya ba zai saya ba.
Na ce ai akwai garatuti.
Ta ce, "Garatuti baƙo ne, kwana uku yake yi.
Fansho ɗigon famfo ne:
ka tara masa tulu, kada ka tara masa baki."

Ƙarfe huɗu idona ke buɗewa,
ba begila, ba fareti.
In goge takalmin da ba inda za shi.
In jera kofunan shayi sahu-sahu,
kunnuwansu duka na kallon dama.
Machhapuchhre na tsaye da farar hularsa
kamar hafsan da ya manta bai sallame ni ba.

Shagonta na bakin tafki, benci huɗu, murhu biyu.
Ta miƙo min littafin bashi:
"Direban nan sai Juma'a.
Malamin makaranta sai wata ya mutu.
Waccan mai sandar, ba a rubuta mata."
Na ce wannan ya saɓa ƙa'ida.
Ta ce, "Ni na kafa ƙa'idar
kana can kana sara wa wasu."
Ashe rundunar da ban sani ba
ta riƙe wannan tudu shekara ashirin da shida
ba albashi, ba lambar yabo,
ba ko hutun ƙarshen shekara.

Na bar bariki ina saja,
na shigo gida ina kurtu.
Shekaranjiya na ƙona madara,
gwale-gwalena: kankare tukunya a gaban jama'a.
Jiya na ba da canji daidai har sau goma sha ɗaya,
ba ta ce komai ba,
amma ta ƙara min sukari.

Yau da sassafe wani yaro ya tsaya a ƙofa,
kwandon duwatsu a baya, gumi har ido,
yana horar da ƙafa don ranar ɗaukar soja.
Ya ce, "Baba, koya min yadda ake shiga."
Na ce shiga ai kowa zai koya maka.
Sauke kwandon, zauna,
fita ce ba ta da malami.
Na jawo bayan kalanda, na lashi fensir,
sai muryar kwamanda daga wajen murhu:
"Tikaram! Benci na biyu na jiran shayi."

Na ce wa yaron riƙe min fensirin,
ina zuwa.