Littafi Na Biyar

A rumfar Kallamu, bayan Ƙofar Guga,
naira hamsin kwana uku,
na ɗauko na ɗaya wata Laraba.
Bangonsa ya sha maiƙo, wata ta ci ƙosai a kansa,
wata kuma ta rubuta a gefe da jan biro:
"Allah ya isa, Mamuda."
Ban san Mamuda ba tukuna.
Sai a shafi na casa'in na ce, wallahi kin yi gaskiya.

Tsoho ne ya haƙa rijiya, ya dasa durumi, ya haifi tara.
Taran suka haifi abin da ya fi ƙarfin kaina,
sai na juya takardar kuɗin wuta
na zana su reshe-reshe:
wa ya haifi wa, wa ya ci gonar wa,
wa aka sa wa sunan wa don wata tsohuwar gaba ta huce.

Haushina da irin littattafan nan,
ka saba da yarinya tana 'yar gala-gala a ƙofar gida,
ka juya shafi biyu, ta yi furfura,
tana rabon goro a sunan jika.
Marubuci ba ya jira ka yi sallama.
Yakan kashe mutum a rabin layi,
"bayan rasuwar Barira,"
ya wuce abinsa.
Ni kuwa tuwona ya kama a tukunya
ina zaman makokin da ba mai zuwa mini gaisuwa.

Amma na kasa ajiyewa,
don hali ba ya mutuwa, ɗaki yake sauyawa.
Rowar kaka ta tsallake ɗa, ta dira kan jika.
Tarin tsoho ya dawo a maƙogwaron tattaɓa-kunne.

Na huɗu ya ƙare ana shirin rabon gado,
an kira mai awo, ya zo da igiya.
Na koma rumfa da sauri. Kallamu ya sosa ƙeya:
"Na biyar? Wata ta ara tun bara, ta yi ƙaura Funtuwa."
Na karɓi na shida a haka.
Na tarar an sare durumin.
Katanga ta ratsa tsakar gida, rijiya ta faɗa ɓangare guda,
wa da ƙane na salla a sahu ɗaya, kowa da ƙofar fitarsa,
kuma ba wanda ya ce mini ga abin da ya faru.

Daren nan barci ya ƙi.
Ni da nake rubuta sunayen jarirai a asibiti,
sunan uba, sunan uwa, unguwa,
na san kakannin Mamuda ɗaya bayan ɗaya,
nawa kuwa, daga na uku sai duhu.
Kuma a gidanmu na Rafindadi akwai katangar bulo
tsakiyar ginin ƙasa.
Tun ina rarrafe nake jin turmi ta bayanta,
ban taɓa tambayar hannun wa ke daka ba.

Da safe na sayi fura na nufi ɗakin Gwaggo Hurera.
Ta dubi takardar wuta, ta dube ni.
"Mi za ki yi da tonon tsohon juji?"
Na ce, na biyar nake nema.
Ta daɗe tana damu, ludayi na zagaya ƙwarya,
sannan ta ce,
"Waɗanda suka karance shi suna kwance bayan ganuwa.
Ni shafi biyu gare ni, su ma ba daɗin baki.
Jawo tabarma. Turo ƙyauren."

Na bakwai yana nan ƙarƙashin matashi,
kuɗin Kallamu na ta hawa.
Ban buɗe ba.
Ɗazu bayan la'asar aka fara daka ta bayan katanga,
na tsaya a zaure, mayafi a hannu,
ina ƙirga saukar taɓarya.